Parakou da Djougou: Me ya sa wayar gigahaz 1.6 ke tsere wa ta 2.3?

A rumfunan waya na kasuwar Arzèkè da ke Parakou, da shagunan da ke bakin babban titin Djougou, ciniki yakan tsaya ne kan lambobi uku ko huɗu da aka buga a kwali ko a takardar talla: yawan RAM, girman ma'aji, ƙarfin batir, sai wata lamba mai "GHz" a gefenta. Mai saye zai jera waya biyu a kan tebur, ya ga an rubuta wa ɗaya 2.3, ɗaya kuma 1.6, sai ya miƙa hannu ga mai babbar lamba. Hankali ya ba shi gaskiya, domin a kasuwa abin da ya fi yawa shi ya fi tsada. Amma a harkar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da waya ko kwamfuta, sau da yawa wannan zaɓin kan sa mutum ya koma gida da wadda ta fi nawa.

Kuskuren yana da tsada. Tun watan Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Jamhuriyar Benin jaka 52 ne na sefa a wata. Duk wayar da kuɗinta ya wuce haka, ta cinye albashin wata guda cur na ƙaramin ma'aikaci. Ga ɗan kasuwar Zango kuwa, waya ita ce rumfarsa ta biyu: da ita yake tura hoton kaya Kano ko Maraɗi, da ita yake jin farashin Lome da Kumasi, da ita iyali ke gaisawa da dangin da iyakoki suka raba su.

Dalilin da ya sa maganar ta taso yanzu

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko, ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin tsofaffin furosesa. Tun a ƙarshen 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama bola saboda wannan sauyi. Abin da ofisoshin Turai da Amurka suka yar kuwa, an san inda wani kaso nasa ke sauka: tashoshin ruwa irin na Kwatano, Lome da Legas, daga nan ya hau mota zuwa arewa.

Na biyu, kamfanonin da ke ƙera furosesar wayoyi masu araha sun ɗauki ɗabi'ar sauya wa tsohon kaya suna su sake fito da shi a matsayin sabo.

Na uku, aljihu ya yi zafi. Parakou ta daɗe tana cin abinci daga dakon kayan Nijar, domin a nan layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya, a nan ake juye kaya cikin manyan motoci. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, kuma ko da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da toshe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Direbobi, 'yan dako, dillalai da masu sayar da abinci duk sun ji a jikinsu. Wanda kuɗi ya yi wa ƙaranci ba shi da halin sayen waya sau biyu.

Mene ne gigahaz?

Furosesa tana aiki ne da bugu, kamar zuciya. Gigahaz 1 na nufin bugu biliyan 1 a cikin daƙiƙa guda. Lambar da ke jikin kwali tana faɗin yawan bugun ne kawai, ba ta faɗin yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu.

A ɗauki 'yan dako biyu a tasha. Ɗaya yana sassarfa, yana zuwa yana dawowa sau 23, amma kowane zuwa tiya biyu yake ɗauka. Ɗayan yana tafiya a natse, sau 16 kawai, amma kowane zuwa da rabin buhu a ka. Wanda ya tsaya ƙirga sawu zai ce na farko ya fi himma. Mai kaya kuwa ya san wanda zai fara sauke masa mota.

Haka furosesa take. A cikin kowace guda akwai ɓangarori masu aiki da kansu, waɗanda ake rubutawa "cœurs" a tallan Faransanci, wato zukata, ko a ga "octa-core" idan zukatan takwas ne. Kusan duk wayoyin Android suna amfani da tsarin zukata na kamfanin Arm da ke Ingila, kuma zukatan iri-iri ne. Akwai ƙanana irin Cortex-A53, wanda aka sanar tun 2012, da magajinsa A55 na 2017. Waɗannan suna bin umarni a jere ne, biyu-biyu. Idan na gaba ya tsaya jiran bayani, duk layin ya tsaya. Akwai kuma manya irin A75 na 2017 da A76 na 2018, masu ɗaukar umarni uku ko huɗu a lokaci guda, kuma idan ɗaya ya maƙale su tsallake shi su ci gaba da na baya. Saboda haka babbar zuciya mai bugu kaɗan kan gama aikin da ƙaramar zuciya mai yawan bugu ba ta kai rabinsa ba.

Fataken goro da suka riƙa yada zango a Djougou kan hanyarsu daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sun san wannan lissafi tun da daɗewa. Ƙwaryar goro ɗari ce ko ta wane iri, amma ba wanda ya taɓa biyan ƙwaryar minu kuɗin ƙwaryar marsa. "Zukata takwas" ƙirga ce kawai. Sai an buɗe an ga irinsu.

Tsohon yaƙin Intel da AMD

Duniyar kwamfuta ta riga ta sha wannan darasi. A ƙarshen shekarar 2000 Intel ya fito da Pentium 4, wanda aka ƙera musamman domin ya yi bugu da yawa, lambar talla ta yi ta hawa. Abokin hamayyarsa AMD ya ga masu saye na gudun kayansa saboda ƙaramar lamba, sai daga 2001 ya daina sa gigahaz a sunan furosesa. A 2003 ya fito da Athlon 64 3200+, mai gigahaz 2.0 kacal, amma yana kafaɗa da kafaɗa da Pentium 4 mai gigahaz 3.2, har ya kan wuce shi a wasu ayyukan. Pentium 4 ya tsaya a gigahaz 3.8 saboda zafi da cin wuta, kuma a 2004 Intel ya soke shirin fitar da mai gigahaz 4. A 2006 ya dawo da Core 2 Duo, wanda bugunsa bai kai gigahaz 3 ba, amma ya bar Pentium 4 a baya nesa.

Bayan shekara biyar sai reshe ya juye da mujiya. A 2011 AMD ya fito da jerin FX, yana tallar zukata takwas da bugu mai yawa. A 2013 ma ɗaya daga cikinsu ya taɓa gigahaz 5. Duk da haka furosesar Intel masu zukata huɗu sun riƙa kayar da su a ayyukan yau da kullum. Masu saye a Amurka sun kai ƙara kan yadda aka ƙirga zukatan, kuma a 2019 AMD ya amince da biyan dala miliyan 12.1 domin a kashe maganar. Kamfanin bai farfaɗo ba sai da ya fito da Ryzen a 2017, inda ya ce aikin da ake gamawa a kowane bugu ya ƙaru da kashi 52 cikin 100.

Kowanne daga cikin kamfanonin biyu ya taɓa riƙe babbar lamba, kuma a lokacin da ya riƙe ta ne aka fi kayar da shi.

Abin da ke cikin wayoyin Arzèkè

A kasuwannin arewacin Benin, kamar sauran Afirka ta Yamma, Tecno, Infinix da itel ne suka fi yawa. Dukansu na kamfanin Transsion ne na China, wanda a 'yan shekarun nan ke riƙe da kusan rabin wayoyin zamani da ake shigowa da su nahiyar. Sai Samsung da Redmi. Amma a cikin wayoyin masu araha, kamfanoni uku ne ke takara: MediaTek na Taiwan mai Helio, Unisoc na China, da Qualcomm na Amurka mai Snapdragon.

Misali mafi sauƙi yana cikin gida ɗaya. A 2023 Tecno ya fito da Spark 10 mai Helio G37 na MediaTek, da Spark 10C mai T606 na Unisoc. G37 yana kai wa gigahaz 2.3, T606 kuwa 1.6. Sai dai duk zukatan G37 takwas ƙanana ne, A53. T606 yana da manya biyu, A75, da ƙanana shida, A55. A gwajin zuciya ɗaya, wanda shi ya fi nuna saurin buɗe manhaja ko shafin intanet, T606 ne ke gaba da tazara mai faɗi.

Wannan bai sa duk abin da ke ɗauke da sunan Unisoc ya zama zaɓi ba. Kamfanin yana da SC9863A, wanda ake samu a wayoyi mafi araha. Shi ma a takarda "zukata takwas, gigahaz 1.6" ne, daidai da T606. Amma babu babbar zuciya ko ɗaya a cikinsa, kuma an ƙera shi da tsohuwar fasahar nanomita 28, alhali T606 na nanomita 12 ne. Kwali biyu, rubutu iri ɗaya, aiki kamar sama da ƙasa.

Idan aka hau mataki na gaba, labarin bai sauya ba. Snapdragon 680 da ke cikin Redmi Note 11 yana kai wa gigahaz 2.4. Helio G99 da ke cikin Galaxy A15 da wayoyin Tecno da Infinix da dama yana tsayawa a 2.2. Dukansu na nanomita 6 ne. Amma manyan zukatan Snapdragon 680 an gina su ne kan A73 na 2016, na G99 kuwa A76 ne, shi ya sa G99 ke gaba a saurin aiki. Snapdragon 680 ya yi suna ne wajen tattalin batir. Sunan kamfani shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin kowanne yana da marsa yana da minu.

Sai batun sauya suna. Helio G85 na 2020, G88 na 2021 da G91 na 2024 duk zukata iri ɗaya gare su: A75 biyu masu gigahaz 2.0 da A55 shida, a nanomita 12. Bambancin ya fi karkata ga girman kyamara da irin allon da za su iya ɗauka. Haka G100 na 2024 ya gaji zukatan G99 na 2022. Wanda ya sayar da wayarsa mai G85 ya cika kuɗi ya karɓi mai G91 domin ya ƙara sauri, kwali kawai ya sabunta.

Zafin Maris da ƙurar hunturu

Lambar gigahaz da ake bugawa ita ce ƙololuwar abin da furosesa za ta iya, ba saurin da take riƙewa koyaushe ba. Da zarar ta ɗauki zafi, sai ta rage bugu da kanta don kada ta lalace. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke dukan Borgou da Donga, wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu ko a kan tebur ƙarƙashin rumfar kwano ta riga ta yi ɗumi tun kafin a taɓa ta. Kiran bidiyo na minti ashirin ya isa ya sa ta fara sanɗa.

A nan ne lambar nanomita ke da amfani. A yau ta fi zama sunan zamanin fasaha fiye da ainihin ma'auni, amma a dunƙule, ƙaramar lamba na nufin ƙarancin cin wuta da ƙarancin zafi. Furosesar nanomita 6 za ta yi aikin da ta nanomita 12 ke yi da ƙasa da wutar da waccan ke sha. A unguwar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ko ƙauyen da ake biyan kuɗin caji, wannan bambanci kuɗi ne a aljihu.

Kwamfutar tafi-da-gidanka kuma tana da nata ciwon. Ƙurar hunturu kan toshe fankar da ke sanyaya furosesa, sai na'urar ta yi ta gurnani tana nawa. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake cewa sun tsufa, shara da sabon man sanyaya furosesa kawai suke buƙata.

"8+8" da sauran lambobin ado

Furosesa ba ta aiki ita kaɗai. Tana jiran RAM, tana jiran ma'aji. A kwalaye da yawa yanzu ana ganin "8+8 GB" ko a haɗe a rubuta 16. Takwas na farko ne RAM na gaskiya. Na biyun aro ne daga ma'ajin waya, wanda ya fi RAM jinkiri ƙwarai. Yana iya taimaka wa manhajoji su daɗe a buɗe, amma ba ya mayar da waya mai RAM 4 ta zama mai 8.

Shi kansa ma'ajin iri biyu ne a wannan aji na wayoyi: eMMC, tsohon tsari, da UFS, wanda ya fi saurin karatu da rubutu. Waya biyu masu furosesa ɗaya da "128 GB" ɗaya za su iya bambanta wajen buɗe WhatsApp ɗin da ya cika da saƙonnin murya da bidiyo, saboda wannan kawai.

Akwai kuma tsawon rai. Samsung ya yi alkawarin shekara 6 na sabunta manhaja ga Galaxy A16, wanda samfurinsa na 4G ke ɗauke da G99 ɗin nan. Wasu wayoyin masu furosesa iri ɗaya ba sa samun ko rabin haka. Tun 20 ga Yunin 2025 Tarayyar Turai ta wajabta aƙalla shekara 5 na sabuntawa ga wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta, amma wannan doka ba ta kare mai saye a Parakou ko Djougou. Shi sai ya bincika da kansa.

Tarkon "i7"

A wajen ɗaliban Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, da masu shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi, lambar da ke ruɗi ita ce i3, i5, i7. An ɗauka i7 ko yaushe ya fi i5. A cikin tsara ɗaya galibi haka ne, amma tsakanin tsara da tsara lissafin kan rushe.

Core i7-7500U na 2016 yana farawa daga gigahaz 2.7, amma zukata biyu gare shi. Core i5-8250U na 2017 yana farawa daga 1.6, zukatansa huɗu, kuma yana iya hawa zuwa 3.4 idan aiki ya taso. A aikin da ke amfani da duk zukata, i5 ɗin ne ke gaba. Abin da ya fi wannan nauyi a yanzu: i5 ɗin ɗan tsara ta 8 ne, yana cikin jerin da Windows 11 ke karɓa, i7 ɗin kuwa ɗan tsara ta 7 ne, ba ya ciki. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 3500U na 2019 mai zukata huɗu yana cikin jerin, ko da yake wasu masu saye na gudun sunan AMD saboda tunawa da zafin tsofaffin samfuransa. Celeron N4020 kuma, duk da ana tallarsa da gigahaz 2.8, bai kama ƙafar ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Gane tsara ba wuya. Lambar farko bayan layin ita ce tsarar: 7500U ta bakwai, 8250U ta takwas, 10210U da 1135G7 kuwa ta 10 da ta 11 ke nan. Akwai dabarun ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, kuma wasu masu gyara na yi kafin su sayar, amma Microsoft bai lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawa ba. Ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce. Sai an duba lambar furosesa. Tsohuwar kwamfuta ba ta zama bola nan take ba: sa mata SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa yakan farfaɗo da ita fiye da komai, kuma Linux na tafiya lafiya a kanta. Abin da bai dace ba shi ne a biya ta kuɗin sabuwa.

Gwajin ma sai da lura

Manhajoji irin Geekbench da AnTuTu suna ba kowace furosesa aiki iri ɗaya su ba ta maki, wanda ya fi gigahaz amfani wajen kwatanta kamfani da kamfani. Sai dai kamfanoni sun san da su. A 2018 masu gwajin 3DMark sun cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu saboda suna ƙara wuta idan sun gane ana gwada su. A 2020 an bankaɗo irin wannan dabara a wayoyi masu furosesar MediaTek, kamfanin kuma ya kare kansa da cewa abu ne da aka saba a masana'antar. A 2022 Geekbench ya cire jerin Galaxy S22 da wasu magabatansa bayan an gano Samsung na rage ƙarfin dubban manhajoji amma ya bar na gwaji suna gudu. Maki kuma ba a kwatanta shi sai tsakanin sigar gwaji ɗaya. Na Geekbench 5 daban, na 6 daban.

Abin da ya rage ga mai saye

Ba kowa ke buƙatar babbar furosesa ba. Hajiyar da aikinta da waya bai wuce kira, saƙon murya da tura kuɗi ta MoMo, Moov Money ko Celtiis Cash ba, batir mai ƙarko da kama layi sun fi mata komai. Amma mai tallar atamfa ko takalma ta bidiyo, da ɗalibi, da dillalin da ke cikin rukunonin WhatsApp barkatai, su ne nawar waya ke ci wa riba kullum.

Ga irin waɗannan, tambayar da ta dace a rumfa ita ce cikakken sunan furosesa, harafi da lamba. Manhaja kyauta irin CPU-Z ko AIDA64 na nuna sunan da irin zukatan cikin minti ɗaya, abin da ke da muhimmanci musamman ga wayar hannu ko wadda ta ƙetaro iyaka babu kwali. A waya, a nemi aƙalla manyan zukata biyu, A75 ko A76 ko sama, a tambayi RAM na gaskiya ban da na aro. A kwamfuta, a nemi Intel tsara ta 8 zuwa sama ko Ryzen na 2019 zuwa sama, tare da SSD. Sannan a riƙe na'urar a hannu na ɗan lokaci, a buɗe kyamara da bidiyo, a ji ko ta ɗauki zafi.

Masu rumfa ma suna da rabo a nan. A Zangon Parakou ko na Djougou, mai saye maƙwabci ne, ko ɗan'uwan maƙwabci, kuma gobe za a haɗu a masallaci ko wurin suna. Yayin da tsofaffin kwamfutoci ke ƙara kwararowa daga bakin teku, sunayen furosesa kuma ke ƙara rikicewa, mai shagon da ya iya cewa "Alhaji, wannan lambarta babba ce amma waccan ta fi ta aiki" shi ne wanda za a sake nema idan lokacin sauya waya ya yi.